Malamin Da Ke Auna Na'ura Kafin Ta Shiga Aji

A cikin shekarar 2007 aka kai waɗansu 'yan ƙananan na'urori masu ƙwaƙwalwa, masu launin kore da fari, wata makarantar firamare da ke Galadima a gefen birnin Abuja, aka rarraba wa yara kowa da tasa. Wata ƙungiya ce ta Amurka ta kawo su, ƙarƙashin jagorancin wani shehun malami mai suna Nicholas Negroponte, wanda ya yi ta zaga ƙasashen duniya yana shaida wa shugabanni cewa in dai kowane yaro ya sami kwamfuta tasa ta kansa, to, jahilci ya kusa yin ban kwana da ƙasashen matalauta. An yi wa na'urar laƙabi da kwamfutar dala 100, ko da yake da aka zo sayarwa kuɗinta ya kusa ninka haka. 'Yan jarida na gida da na waje suka yi ta tururuwa zuwa Galadima suna ɗaukar hotuna. Aka yi ta maganar cewa Nijeriya za ta sayi miliyan guda.

Ba a sayi miliyan ɗin ba. Kafin shekarar ta ƙare, ministan ilmi na lokacin ya fito yana tambayar amfanin bai wa yaro kwamfuta alhali ba shi da ko bencin da zai zauna a kai. Daga nan magana ta yi ta sanyi har ta mutu.

Tambayar ministan tana da nauyi, amma akwai wadda ta fi ta nauyi, wadda ba a cika yi ba: shin yaran nan sun ƙaru da wani abu? Sun fi iya karatu da lissafi bisa ga takwarorinsu na makarantar da ke kusa, waɗanda ba su sami kome ba? Ɗan kasuwa ba zai amsa wannan ba, domin ba ya kushe hajarsa. Ɗan siyasa ma ba zai amsa ba, domin shi ranar yanke ƙyallen buɗewa ce ranarsa. Akwai mutum guda wanda wannan ne aikinsa, watau malamin jami'a da ya keɓe rayuwarsa ga koyarwa da bincike a kan yadda na'urorin zamani ke shiga harkar ilmi. A tsangayoyin ilmi na jami'o'in ƙasar nan ana kiran fannin nasa fasahar koyarwa. Shi ne abin magana a wannan fili yau, musamman saboda samari da 'yan mata masu sha'awar bin wannan hanya, waɗanda ya kamata su san abin da ke cikinta kafin su sa ƙafa.

A ƙasar Peru ta Kudancin Amurka gwamnati ta sayi irin waɗannan na'urori fiye da 800,000. Can sai aka yi dace, masu bincike na bankin raya ƙasashen nahiyar Amurka suka bi sawu. Suka ɗauki makarantun karkara 319, waɗansu an ba su na'ura, waɗansu ba a ba su ba, kuma ƙuri'a ce ta raba, ba son rai ba. Bayan wata 15 aka jarraba yaran duka. Sakamakon da aka buga a 2012 ya nuna yaran sun iya sarrafa kwamfuta sarai, har an ga ɗan ci gaba a wajen kaifin tunani, amma a lissafi da harshe babu wani bambanci tsakaninsu da waɗanda ba su taɓa riƙe ta ba. Wannan bincike bai ci ko kusa da abin da na'urorin suka ci ba, amma duk ƙasar da ta karanta shi kafin ta buɗe baitulmalinta ta tsira da dukiya mai yawa.

To, su wane ne mutanen wannan fanni, kuma ta ina suke shigowa? Abin mamaki, manyansu da yawa ba ta ƙofa guda suka shigo ba.

A ɗauki Seymour Papert, wanda tunaninsa ne tushen kwamfutar nan ta Galadima. An haife shi a Afirka ta Kudu cikin 1928. Masanin lissafi ne, har digirin digirgir biyu gare shi, ɗaya daga jami'ar Witwatersrand, ɗaya daga Kambirij ta Ingila. Da ya so, da ya ƙare rayuwarsa yana warware matsalolin da ba kowa ke gane su ba sai 'yan'uwansa masana. Sai ya tafi birnin Janiba na ƙasar Siwizalan, ya zauna wajen Jean Piaget, mashahurin mai nazarin yadda hankalin yara ke girma, daga 1958 zuwa 1963. A nan ya koyi abin da lissafi bai koya masa ba, watau zama a gefen yaro a yi shiru ana kallon yadda yake kuskure da yadda yake gyarawa. Daga nan ya wuce babbar cibiyar fasaha ta MIT a Amurka, kuma a 1967 shi da abokan aikinsa Wally Feurzeig da Cynthia Solomon suka ƙirƙiro wani harshen kwamfuta na yara mai suna Logo.

Yadda abin yake, akwai wani ɗan kunkuru, da farko na ƙarfe mai tafiya a ƙasa, daga baya na zane a fuskar allon na'ura. Yaro ne ke ba shi umarni: yi gaba taki kaza, juya dama kaza. Duk inda kunkuru ya bi sai ya bar layi. In yaro yana son ya zana murabba'i, dole ya gano da kansa cewa sai kunkuru ya juya da awo 90 har sau huɗu. In ya ba da 80, ɗaki ba zai rufu ba, kuma ba malami ne zai tsawata masa ba, idonsa ne zai nuna masa. Ra'ayin Papert shi ne yaro ya riƙa koyar da na'ura, kada na'ura ta riƙa ɗura wa yaro. Ya bayyana wannan a littafinsa Mindstorms na 1980, kuma a 1982 shi da Negroponte suka gwada abin da yaran makaranta a Dakar ta ƙasar Senegal, da taimakon gwamnatin Faransa. Ko ba a yarda da dukan abin da ya faɗa ba, ba a musun cewa sai da ya yi shekaru yana kallon yara kafin ya buɗe baki.

Ɗayan kuwa, Larry Cuban, ta ƙofar aji ya shigo. Shekara 14 ya yi yana koyarwa a makarantun sakandare na Amurka, ya yi shekara 7 yana shugabantar makarantun wata gunduma, sa'an nan ya zama farfesa a jami'ar Stanford. Shi nasa aikin tone-tone ne. Ya koma baya ya bi tarihin duk na'urar da aka taɓa cewa za ta sauya makaranta: majigi, rediyo, talabijin, sa'an nan kwamfuta. Tun 1913 Thomas Edison ya yi hasashen cewa majigi zai kori littattafai daga makarantu ba da daɗewa ba. Cuban ya tarar da abu guda yana ta maimaita kansa. Da farko a yi ta kirari, a sayo kaya da tsada, malamai su yi amfani da su jefi-jefi, daga ƙarshe a ɗora wa malaman laifi a ce sun ƙi ci gaba. Shi kuwa da ya san aji, ya san ba ƙiyayya ba ce. Malamin da ke da yara cike da ɗaki da minti 40 kacal ba zai ɓata 15 yana jona waya ba. Alli da allo ba sa lalacewa a tsakiyar darasi. A 2001 ya buga wani binciken da ya yi a makarantun da ke tsakiyar yankin da ake ƙera kwamfutocin kansu a jihar Kalifoniya, ya tarar ko a can ma na'urorin sun fi yawan zama a ajiye.

Afirka ta Yamma ba baƙuwa ba ce ga wannan labari. Jamhuriyar Nijar ta fara koyar da yaran firamare ta talabijin a 1964 da taimakon Faransawa. Kwaddebuwa ta ɗauki abin da girma a 1971, ta baza akwatunan talabijin har ƙauyuka, amma zuwa 1982 aka rufe shirin bayan iyaye da malamai sun yi ta kuka. Kowane zamani da na'urar da ake yi wa ganin kitse.

A nan gida ma fannin yana da nasa mutanen. Shugaba Shehu Shagari ya sa hannu a dokar kafa jami'ar karatu daga gida a 1983, gwamnatin soja ta dakatar da ita a 1984, aka yi shekara 18 kafin Shugaba Obasanjo ya farfaɗo da ita a 2002. Wanda aka ɗora wa aikin tada ta, Farfesa Olugbemiro Jegede, sai da aka ɗauko shi daga Hong Kong, inda yake aikin bincike a kan irin wannan karatu. Wannan kaɗai ya isa abin lura: ƙwararren ɗan ƙasa ne, amma wata ƙasa ce ke cin moriyarsa. Daga 2016 zuwa 2021 jami'ar ta kasance a hannun Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano, wanda ya zama farfesan koyar da kimiyya a 1997, ya sake zama farfesa a fannin sadarwa da al'adu a 2012. Masu karatun Hausa suna da dalili na musamman na sanin sunansa. A cikin shekarun 1990, lokacin da kwamfuta ba ta san ƙ da ɗ da ɓ ba, marubuta suna buga takarda sa'an nan su bi da alƙalami suna sa lanƙwasa, ya zauna ya tsara haruffan Hausa masu lanƙwasa da za a iya amfani da su a na'ura. Ba wani kamfani na waje da zai damu da wannan a lokacin, domin ba yaransu ne ke ruɗewa tsakanin baki da baƙi ba.

Yanzu a zo ga hanyar kanta. Saurayin da ke son ya bi ta yakan fara da digiri na farko a fannin ilmi, ko a kimiyyar kwamfuta ya haɗa da difloma ta koyarwa. Waɗansu sukan taso ne tun daga kwalejin horon malamai da takardar NCE. In ya fita da sakamako mai kyau aka riƙe shi a jami'a, zai fara a matsayin mai taimaka wa malamai, ya yi digiri na biyu, ya yi na digirgir, yana hawa mataki-mataki: ƙaramin malami, malami mai daraja ta biyu, mai daraja ta ɗaya, babban malami, mataimakin farfesa, sa'an nan farfesa. Galibi kowane mataki sai an yi aƙalla shekara 3 a kansa, kuma ba a zama babban malami sai da digirin digirgir. Kafin a ba mutum kujerar farfesa sai an aika da rubuce-rubucensa ga waɗansu shehunan malamai na wata jami'a su auna a asirce. Tafiya ce ta shekara 15 zuwa 20 ga wanda bai yi tuntuɓe ba. Dokar 2012 ta bai wa farfesa damar zama a bakin aiki har ya cika shekara 70. Asusun TETFund, wanda aka yi wa doka a 2011, yana ɗaukar nauyin ƙaro karatu da bincike ga malaman manyan makarantun gwamnati, kuma da yawa ta nan suka sami fita.

Amma fa akwai ƙaya a hanya, kuma mafi tsininta ba talauci ba ne, ko da yake shi ma yana nan. Ƙayar ita ce abin da ake aunawa wajen ƙarin girma. Ana ƙirga maƙalun da mutum ya buga a mujallun ilmi. Ba a ƙirga watannin da ya yi a bayan aji yana kallon yara. Saboda haka sai hanya mafi sauƙi ta zama ita ce abin bi. A tsara takardar tambayoyi, a raba wa malamai ko ɗalibai ɗari biyu, a tambaye su ko suna ganin kwamfuta na da amfani, su ce ƙwarai kuwa, a zuba amsoshin a na'ura ta fitar da alƙaluma, a buga. Duk wanda ya leƙa ɗakin ajiye kundayen bincike na tsangayar ilmi zai ga irin wannan jere a kan kanta, wannan ya yi kama da wancan kamar an tsaga kara. Ra'ayi aka auna, ba koyo ba. Mutum na iya hawa har ƙololuwa da irin wannan aiki, ba tare da ya taɓa iya gaya wa kwamishinan ilmi na jiharsa ko a sayi kaza ko kada a saya ba.

Ba kuma za a ɗora wa malaman laifin duka ba. Bincike na gaskiya yana son kuɗin mota zuwa ƙauye, da izinin hukumar ilmi, da lokaci. Malamin da ke koyar da ɗaruruwan ɗalibai, yana duba takardun jarrabawarsu shi kaɗai, yana sayen man janareta daga aljihunsa don ya caja kwamfutarsa, da wane ƙarfi zai yi? Ga kuma yajin aiki. A 2020 jami'o'in gwamnati sun yi wata 9 a rufe, a 2022 wata 8. Na 2020 ya zo da abin takaici na musamman ga mutanen wannan fanni, domin a shekarar ne annobar korona ta rufe makarantun duniya, kowace ƙasa ta juya ga masana koyarwa daga nesa tana neman agaji. A daidai ranar da aka fi bukatarsu, ƙofofin ofisoshinsu na garƙame. Jihohi da dama sai suka koma ga tsohon aboki, watau rediyo, wanda ya fi intanet isa gidajen talakawa nesa ba kusa ba.

Wata wahalar kuma ta fannin ce ita kanta. Rahoton hukumar UNESCO na 2023 a kan fasaha a harkar ilmi ya ce kayayyakin koyarwa na zamani sukan sauya duk bayan wata 36 a matsakaicin lissafi. Digirin digirgir kuwa ba ya kasa shekara 3. Watau ɗalibi na iya fara bincike a kan wata manhaja, kafin ya kare kundinsa a gaban malamai an daina yin ta. Malamin tarihi ba ya da wannan damuwa. Daular Borno ba za ta sauya masa kafin ya gama rubutu ba. Shi ya sa mai hankali a wannan fanni ba ya ɗaure kansa ga na'ura guda. Yakan ɗaure kansa ga tambayar da ba ta tsufa: yaya yaro ke koyo, me ke taimakonsa, me ke ɗauke masa hankali? Rahoton nan ya kuma ce sahihiyar shaida a kan amfanin waɗannan kayayyaki ta yi ƙaranci, kuma mai yawa daga abin da ake da shi masu sayarwa ne suka samar. A nan jarrabawar mutuncin malami take. Kamfani zai gayyace shi taro a babban otal, ya biya masa kuɗin jirgi, ya nemi ya rubuta rahoto. Ranar da alƙaluma suka nuna kayan ba su yi aiki ba, a ranar ake sanin ko malami ne ko ɗan talla.

Ƙasar nan kuwa ta taɓa ganin yadda ake yin aikin da kyau, ko da yake a kan harshe aka yi shi, ba a kan na'ura ba. A 1970 Farfesa Aliyu Babatunde Fafunwa da abokan aikinsa na jami'ar Ife suka fara wani gwaji a wata makarantar firamare a Modakeke. Aka koyar da wani rukunin yara dukan darussa da Yarbanci har shekara 6, Turanci yana matsayin darasi guda, wani rukunin kuma aka bi da su ta hanyar da aka saba. Malaman jami'a suka zauna da malaman firamare suka rubuta littattafai, suka ƙirƙiro kalmomin kimiyya da lissafi, suka bi yaran shekara da shekaru. Sakamako ya nuna waɗanda aka koyar da harshen uwa ba su gaza ba, har ma sun yi fice. Fiye da shekara 50 ke nan ana ambaton wannan aiki a duniya, alhali dubban maƙalun da aka buga don neman ƙarin girma an manta da su tun kafin tawadarsu ta bushe.

Aikin da ke jiran irin wannan haƙuri ba kaɗan ba ne. Hukumar JAMB ta fara jarrabawa ta kwamfuta a 2013, ta mai da ita dole a 2015. Tun daga lokacin yaron ƙauyen da bai taɓa taɓa madannai ba yake zama kusa da ɗan birnin da ya tashi da su, agogo guda yana ƙirga musu. Maki nawa ne bambancin hannu ke ci, ban da na ƙwaƙwalwa? A 2025 wata tangarɗar na'ura ta shafi sakamakon ɗalibai kusan 380,000 a Legas da jihohin kudu maso gabas, har shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito ya nemi gafara, aka sake musu jarrabawa. Makomar yara ta riga ta rataya a kan waɗannan na'urori, ko an shirya ko ba a shirya ba.

Ga kuma sabuwar baƙuwa, ƙirƙirarriyar basira, wadda ake yi wa kirarin da aka yi wa majigi da rediyo da talabijin. A tsakiyar 2024 aka yi wani gwaji na mako 6 a birnin Benin na jihar Edo, inda ɗaliban sakandare suka riƙa koyon Turanci bayan an tashi makaranta da taimakon irin wannan manhaja, malamansu na tsaye a kansu. Masu binciken Bankin Duniya suka ba da rahoton cewa yaran sun ƙaru sosai bisa ga waɗanda ba su shiga ba. Labari ne mai daɗi, kuma an yi shi bisa ƙa'ida. Amma mako 6 ne, a birni, a ɗakunan da ke da kwamfuta, ga yaran da suka riga suka iya karatu. Yadda abin zai kasance ga yarinya 'yar aji 2 a ƙauyen Zamfara ko Yobe, wadda Hausa ko Barbarci ko Fulatanci kaɗai take ji, a ajin da yara suka haura 80 kuma babu wuta, wannan sai wanda ya ji harshenta, ya san hanyar garinsu, ya kuma yarda ya zauna a bayan ajin nan har damina ta zagayo.